Layina Mai Ruwan Ɗorawa

Abin da na fara gani da na shiga ɗakin kwamfuta shi ne kujerata an ture ta jikin bango, an ɗora jaka a kai. Shugabar ajinmu na riƙe da linzamin kwamfuta, ƙawarta na jingine da kafaɗarta. Ba wadda ta amsa sallamata.

Mu uku malamin kimiyya ya zaɓa don gasar makarantu a Wurno. Kowace ta binne 'yar na'urar auna danshi a gonar gidansu, manhaja kuma tana mayar da awon ya zama layi mai hawa da sauka. Babana da ƙyar ya bari na tona fangalin albasarsa. Ya ce, "In na ga abin bisa takarda, na yarda karatu ne. In ba haka ba, kin gama zama makaranta bayan an tashi."

A kan allo, layin shugaba ja ne mai kauri. Na ƙawarta shuɗi. Nawa sun ba shi ruwan ɗorawa, siriri, sun kuma ɗora akwatin bayanin launuka daidai inda ya yi tsalle ranar da muka yi ban ruwa.

Na san injin buga takarda na shagon bakin kasuwar Goronyo, inda malam zai buga mana aikin, baƙi da fari kawai yake fitarwa. Na taɓa ganin taswirar da ya buga, duk inda ruwan ɗorawa yake ya zama fari fat.

Da suka fita alwala na zauna. Na ja akwatin zuwa kusurwa, na mayar da layina baƙi mai ɗigo-ɗigo. Nasu ban taɓa ba.

"Ke! Mi kika taɓa?" Shugaba ce a bayana.

"Nawa kaɗai na gyara."

"Naki? Dubi abin ga kamar sawun kaji. 'Yar albasa, gidanku akwai ko wutar lantarki?"

Ƙawarta ta toshe hanci. "Ni dai tun ɗazu nike jin wari."

Shugaba ta fizge linzamin, ta danna, ruwan ɗorawa ya dawo. Da malam ya shigo ta riga ni baki, ta ce na ɓata aiki. Ya dubi allo, ya ce launukan sun yi kyau, ni kuma in daina taɓa abin da ba a sa ni ba.

Na koma jikin bango. Na tuna babana, yadda zai kai takardar kusa da idonsa ya nemi gonarsa.

Malam ya sa kwamfutar a jaka zai tafi shago. Na bi shi har bakin ƙofa, ina jin idanunsu a bayana. Na kira shi.

"Malam, don Allah, a buga nasu yadda suke so. Ni dai a buga mini guda ɗaya mai ɗigo-ɗigon, in kai wa babana."