Cokalin Azurfar da Baba Ya Gani

Shekarun da kuɗin fetur ya haukata mu, har ni, magatakardan tasha mai aji huɗu a firamare, Reluwe ta tura Landan kwas. Waɗanda muka je tare duk sun zama manya. Ni ina nan inda suka bar ni. Amma ba wannan zan faɗa ba.

Alawus ɗin ya yi mini yawa, sai na aika aka sako Baba a jirgin sama, a cire masa yanar ido a wani asibiti a Marylebone. Baba tsohon birkila ne, da ƙuruciyarsa ya yi aikin diga, da shi aka gina wata gadar jirgin ƙasa a ƙasarmu. Yana da labari ɗaya tak. Wai ranar aza harsashi matar wani babban Bature ta zo da cokalin gini na azurfa, ta shafa siminti sau ɗaya, aka tafa, aka mayar da cokalin akwati. Mutanen gari ba su yarda ba. Ni ma, ina ɗan shekara sha biyar, na ce a gaban abokansa, "Baba, wa zai kwaɓa siminti da azurfa?" Aka fashe da dariya. Bai sake ba da labarin ba, shekara ashirin da wani abu.

Ranar da aka kwance masa bandeji, Baba ya zama yaro. Ya gaida bas mai bene. Ya tsaya yana ƙirga layin bulo a bangon mutane. Muna tafe muna dariya kamar mun sha wani abu, sai ya ja burki a gaban shagon tsofaffin kaya.

"Kai. Zo nan. Mene ne wancan?"

Cokalin gini ne, fari fat, da mariƙin hauren giwa, kwance a kan jan ƙyalle. Kusa da shi ƙaramin shebur da baro, duk azurfa.

Muka shiga. Mai shagon ya sa safar hannu kafin ya ɗauko. Ya ce na wata gadar jirgi ce ta arewacin Ingila, kuma a da kowace babbar gada da nata. Na fassara. Baba ya karɓe da hannu tsirara, ya bi bakin cokalin da babban yatsa.

"Ka ji? Ko kaushi babu. Wannan bai taɓa wuni a rana ba. Ƙanen wancan ne."

Ban yi ciniki ba, ni da nake ciniki a kan albasa. Na zazzage abin da na tara don talabijin mai kala.

A bayan gidan da nake haya a Woolwich akwai katanga da bulo ɗaya ke girgiɗi. Baba ya sa na samo siminti, ya ce in kira 'yan uwa, ɗalibai uku da wani likita ɗan Zariya. Ya naɗe hannun riga, ya ɗebo kwaɓin da cokalin, ya danna. Cokalin ya lanƙwashe kamar ganyen ayaba.

Na dafe kai. Baba kuwa dariya har da zama a ƙasa, sabon idon yana hawaye.

"Shi ya sa sau ɗaya ta shafa! Shekara sittin ina tambayar kaina!"

Likitan ya ce, "Baba, wace ce ta shafa?"

Baba ya dube ni. Ni yake jira.

Na ce, "Ni na ƙaryata shi. Gaskiya ya faɗa."

Ya gyara zama a kan bokiti, ya ɗora lanƙwasasshen cokalin a cinya, ya fara tun daga safiyar da aka tara su bakin kogi.