Kilo Goman Sada na Tasha

Sada ɗan Kunduru ne, kuma waɗanda suka san shi da ƙuruciya sun ce siriri ne kamar karan dawa. Noman gyaɗa ya tashi da shi, kafin ya samu aikin kamasho a tashar motar Kankia. Aikin ba ya son komai sai benci da murya. Shekara ashirin yana zaune yana kiran Kano da Katsina, mai waina a damarsa, mai fura a hagunsa, kuma bai taɓa ɓata wa ɗayarsu rai ba.

Da jiki ya fara buɗewa, gari ya taya shi murna. "Sada an samu wuri," in ji mutane. Matarsa Halimatu ma ta sha yabo a gidajen suna. Gwiwoyinsa ne kawai ba su shiga murnar ba. Ya kai ga sallah a kan kujera, in ya taka daga gida zuwa tasha sai ya huta sau uku.

A asibitin gwamnati aka gwada jininsa, aka ce akwai sukari da hawan jini, aka ba shi takarda zuwa babban asibiti a Kano. Ya yi zuwa huɗu kafin ya ga likitan da ake nema. Likitan ya ce ana aikin rage tumbi, layi da tsawo, amma za a rubuta sunansa. Sharaɗi ɗaya ne: ya dawo bayan wata huɗu ya sauke kilo goma, don allurar barci ba ta wasa da mai irin nauyinsa. In bai sauke ba, sai baɗi.

Sada ya faɗa wa ƙaninsa Kabir kaɗai. Kabir, saboda zumunci, ya roƙi liman a sa yayansa a addu'a ranar Juma'a, za a yi masa aiki a ciki.

Washegari kwanuka suka fara isowa. Wanda za a yanka wa ciki ai yana bukatar ƙarfi, kuma kwanon dubiya ba ya komawa da abinci a ciki. Gwaggonsa Karima ta taso tun daga Bauranya da dambun nama da zabi biyu, ta zauna gabansa.

"Gwaggo, likita ya hana."

"Likitan shi ya goye ka? Ci, ɗan nan. Ka ga yadda wuyanka ya faɗa? Halimatu, mi kike ba shi ne a gidan nan?"

Halimatu ta sunkuyar da kai. Sada ya dubi matarsa, ya ja kwano.

Bayan mako uku ya yi dabara. Ya ɗauki azumin Litinin da Alhamis, don ya san babu mai tilasta wa mai azumi. Har la'asar dabarar tana aiki. Abin da ya manta shi ne, duk garin an san ladan ciyar da mai azumi. Kafin a kira magariba zaurensa ya cika da kunu, ƙosai, farfesu da tuwon shinkafa, direbobin tasha suna tsaye suna jira su ga ladansu ya shiga.

"Nawa za ka fara, Oga," in ji wani direba, Abdullatif. "Na riga kowa zuwa."

Ranar da ya koma Kano ya cire hula da takalmi da babbar riga kafin ya hau sikeli. Ya ƙaru da kilo biyu. Likitan ya dube shi ta saman tabarau, ya tambaye shi ko ya gane bayanin da aka yi masa.

"Na gane, likita. Mutanena ne ke sona."

Aka mayar da sunansa baɗi.

Labari ya bazu a Kankia cewa likitocin Kano sun duba Sada sun fasa aiki. Gwaggo Karima ta ce dama ta faɗa, rashin ci ne ke damunsa. Aka zo aka yi masa barka, kowa ya ɗauki kwanonsa ya tafi, tunda babu mai kai wa lafiyayye dubiya.

Tun daga nan yake cin tuwonsa malmala ɗaya da miyar ganye, babu mai kallo. Ya bar wa wani ɗan kamasho bencinsa na rabin yini, da safe yana bin gefen titi a ƙafa har gonar wani abokinsa ya dawo. Yanzu ya sauke kilo tara, saura uku in an haɗa da biyun da ya ƙaru, kuma yana da wata biyar a gaba. Ranar komawa asibitin tana rubuce a takarda cikin akwatin Halimatu. Kabir ya tambaya sau biyu, ta ce ita ba ta iya karatun boko ba.