Tukwanen Yaƙin Bama

"Ƙara ɗaya," in ji Kofur. Na sake ajiye ƙwayar gyaɗa a kan tabarma.

Muna tsakar gidanmu ne a cikin garin Yola, bayan la'asar. Ba a daɗe da sa mu cikin Jihar Arewa maso Gabas ba, ni kuma sabon akawu ne a wani ofis a Jimeta, ina ji da kaina. Kofur tsohon soja ne, kuku, ya yi yaƙin Bama can ƙetaren teku, a ƙarƙashin Turawa. Ni na goyo shi a keke daga inda yake gadi.

Saboda Goggo aka yi zaman, yayar babana. Mijinta ya tafi yaƙin nan, bai dawo ba, takarda kuma ba ta zo ba. Shekara ashirin da ɗoriya ta hana a yi masa addu'ar mamaci. Hujjarta ɗaya ce: sojan Ingila yawa ne da su, mutum ɗaya zai iya ɓacewa a ciki, ya zauna wata ƙasa, ya rasa hanyar gida. Da motocin sababbin sojoji suka fara wucewa kudu zuwa yaƙin basasa, maganar ta dawo sabuwa. Ta ce a faɗa mata yawan sojan Ingilan nan, sauran ita za ta yanke.

Baba ya ja ni zaure kafin mu fara. "Kai ne mai lissafi. Ka sa su fito kaɗan." A ganinsa in ba su da yawa, za ta yarda cewa da yana raye da an gan shi.

Kofur bai san alƙalami ba, tukunya ya sani. Ya ce kowace ƙwaya tukunya ɗaya ce, tukunya kuma tana ciyar da layin mutane mai tsawo. Ya fara da madafarsa. Sai madafan da yake hango hayaƙinsu da safe a sansani. Sai sansanonin da suka ratsa tun daga bakin teku. Sai mutanen Gana, sai Indiyawa masu raba girki gida biyu saboda addini, sai Turawa da nasu abincin gwangwani. Inda bai gani da ido ba, ya ce wani direba ya ba shi labari, a zuba rabi kawai, don direban nan maƙaryaci ne.

"Kofur, kai yaƙi ka je ko girki?" in ji Goggo.

"Adda, wanda bai ci ba ai ba ya harbi."

Gyaɗa ta yi tudu. Na tuna maganar Baba, na faki ido na soma tura 'yan kaɗan ƙarƙashin gwiwata. Goggo ba ta ko juyo ba.

"Mayar da su. Mutane ne."

Na mayar. Don in rufe kunya sai na yi tambayar ofis. Na ce sojoji ai ba kullum yawansu ɗaya ba, yaushe suka fi yawa? Shi ne adadin da muke nema.

Ya ce dab da ƙarshe, cikin damina. Daga nan ya dubi tudun.

"Amma ɗana, wannan lissafin takarda ne."

Ya ce da sunaye ake ba su awo. Ba a goge sunan mutum sai hafsa ya sa hannu, a cikin dajin nan kuwa takarda takan yi wata ba ta fita ba. Saboda haka shinkafar wanda ya faɗi tana ci gaba da zuwa, shi kuma yana dafawa.

"Lokacin da muka fi yawa a takarda, lokacin na fi zubar da abinci."

Na ce to nawa zan cire? Ya kai hannu kan gyaɗar, ya ɗebo, ya sake zubarwa. Ya ce bai sani ba, kuma bai ga wanda ya sani ba.

Goggo ta gyara zama. "Kakan gane abincin wa ya saura?"

"Nakan gane. Kwano ne ba ya zuwa layi. Kwana uku ban ga kwano ba, sai in daina tambaya."

"Amma ba ka daina dafawa."

"Doka ce, Adda."

Baba yana tsaye bakin zaure, ya kasa shigowa. Can Goggo ta kira mahaifiyata daga madafa, da muryar da take aiken kasuwa.

"Daga gobe ki rage tafi ɗaya a awon dawa."

Mahaifiyata ta ce to, ba ta tambayi dalili ba. Ashe duk matan gidan sun san wannan tafin, kuma sun san na waye. Ni da na girma ina cin tuwon, ban taɓa sani ba sai ranar. Goggo ta dubi ƙaninta ta ce ya gaya wa malamai su zo Juma'a.

Adadin bai fito ba, ban rubuta komai a takardar da na zo da ita ba. Ku a gidanku fa, akwai wanda har yau ake auna wa hatsi, kuma kun san sunansa?