Hayaƙin da Babu Tuwo

Azarar ɗakinmu a Tabotaki ba kirya ba ce. Gawo babana ya samu, itace mai taushi wanda gara ke so. Kafin ya ɗora ta sai da ya babbake bakunanta, ya shafe su da toka. Sauran aikin ya ce na hayaƙi ne: muddin ana hura wuta a ɗakin, itacen zai yi baƙi ya yi ƙarfi, ƙwaro ba zai shige shi ba.

Shekarar da fara ta cinye hatsi, ya tafi kudu neman abinci. Abin da ya bar mana ke nan, kada ɗakin ya yini ba wuta.

Rumbu ya ƙare. Inna ba ta fasa ba. Kullum da safe takan tara kashin shanu da ɗanyen ganye a murhu, ta kunna, ta ja tufaniya. Babu tukunya a kai. Ni kuma in na ajiye allona, in ɗauki tsinke in bi azarar ɗaya bayan ɗaya ina tsokana, ina duba ko gari zai zubo. Ba ya zubowa. Sai in fito in zauna, idona na ruwa. Hayaƙi ne kawai.

A unguwar duka gidanmu kaɗai ke hayaƙi. Mu ba mu lura ba.

Wata hantsi gwaggo, yayar babana, ta shigo da 'ya'yanta biyu a bayanta.

"Sannu da dahuwa, ƙanwata. Mi aka samu?"

"Babu komi, yaya."

"Babu komi kullum wuta na ci? Kai malamin gida, kai ba ka ƙarya. Ina tukunya?"

Na nuna mata ɗakin. Ta shiga tana tari, ta tona tokar da ƙafa, ta leƙa bayan randa. Ta fito ta dubi inna.

"Itace kike ciyarwa?"

"Shi ya ce."

Gwaggo ta yi 'yar dariya, ta zauna ƙasa. Yaran ba su ji bayanin ba. Washegari suka dawo su kaɗai, suka tsuguna bakin ƙofa suna kallon hayaƙin. Rana ta uku suka zo da na maƙwabta. Ba su roƙi komai ba. Sai wutar ta mutu suke tashi.

Inna ta jure kwanaki. Ran nan ta tara kashin shanun, ta dubi yaran a bakin ƙofa, ta mayar da shi cikin kwando.

Na ci gaba da dubawa, don ba wanda ya ce in bari. Kafin damina tsinken ya fara shiga. Na faɗa mata azara ta kusa da ƙofa ce, sannan ta tsakiya. Ta ce to.

Ruwa na biyu rufin ya lotsa. Muka kwashe tabarmi da randa muka koma zaure. Lokacin babana bai dawo ba tukuna.