Ramin Baba Faci

Tela ne tun kafin gemu ya san hanyar haɓarsa, kuma ba a raina hannunsa. Abu ɗaya ne ya gagare shi. Ka kai masa zanen gado mai tsawo da faɗi daidai ka ce ya ƙara girmansa, zai auna gefe ya yanko dogon ƙyalle, ya auna ƙasa ya yanko wani. Yana haɗawa sai ga ɗan rami a kusurwa yana masa dariya. Sai ya lalubo tsumma a ƙarƙashin keken ɗinki ya toshe. Daga nan sunan Baba Faci ya bi shi. Shi kuwa ya daɗe da yanke hukunci cewa almakashinsa ne ke cin yadi.

Da Auta, 'yarsa mai koyar da lissafi, za ta koma sabon ɗakinta, sai ta kawo ƙaramar shimfiɗar marigayiya mahaifiyarta mai furanni da zane ɗaya da ya rage irinta. So take a ƙara ta da shi, kada baƙon ƙyalle ya shiga. In aka yi kuskuren yanka, shi ke nan, babu wani.

Baba ya baje zanen a tebur, ya ɗaga almakashi, ya ajiye. Ya sake ɗagawa.

"Baba, me ya hana ka yankawa?"

"Ramin nan nake tsoro, Auta. Bai taɓa fashin zuwa ba."

Ta zare allin da ke bayan kunnensa ta durƙusa a siminti. Ta zana shimfiɗar, ta kira gefenta a, ta kira ƙarin b. A ƙasa ta rubuta (a + b)² = a² + 2ab + b².

"Ga tsohuwar shimfiɗa. Ga dogayen ƙyallayenka biyu. Wannan ɗan na ƙarshe, faɗin ƙarin ne ta ko'ina. Shi kake bari a baya."

Ya duƙa har tabarau ya zamo masa zuwa kan hanci.

"Kina nufin ramina a littafi yake?"

"Tun ba a haifi kakanka ba. Kai ma da dama-dama. Ɗalibaina dogayen biyun suke mantawa gaba ɗaya."

"Ashe akwai waɗanda na fi."

Bai yarda nan take ba. Ya gwada da hankici, ramin ya fito daidai yadda allin ya ce. Ya gwada da mayafin tebur, haka. Ya ɗaga kai yana bin silin da ido, leɓɓansa na motsi. Wato wani mutum da bai taɓa taka keke ba, bai san shagon nan ba, ya riga ya ga kowane zanen da za a kawo masa, babba da ƙarami, ya tattara su a layi guda.

"Allah mai iko," ya ce a hankali. "Na zagi almakashin nan a banza."

Ya zana yanka ukun duka a jikin zanen kafin ƙarfe ya taɓa shi. Da ƙyar suka shiga, sai da ya rage faɗin ƙarin da ɗan yatsa. Ɗan kusurwar ya fara yankewa, ya miƙa wa Auta.

"Riƙe min shi da kyau, kar ya gudu."

Keke ya yi ta kuka har inuwa ta juya. Da suka baje shimfiɗar, furannin mahaifiyarta sun kai har kusurwa ta huɗu. Auta ta ɗora tafin hannu a wurin, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Baba ya ja kujera gefe don kada wani ya taka rubutun allin.