Simintin da Na Shafa wa Soron Kaka

Shekarar da siminti ya cika Tambuwal, ni ma ya cika mani kai. Na yi wata bakwai ina leburanci a Sakkwato, wurin ginin ofisoshin gwamnati, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya koya mani komi, da ido na ɗauka. Kwaɓi, ɗora bulo, filasta, duk na iya! Na dawo gida ina jin ba ginin da zai gagare ni.

To, gidanmu akwai wata yarjejeniya tun zamanin kakanmu. Duk kaka, babanmu kan aika wa wani tsohon magini na Jabo damin gero biyu. Shi kuwa kafin ruwan fari sai ya zo ya hau soron da littattafan Kaka suke, ya gyara indararo, ya yi yaɓe inda ya tsage. In wani abu ya lalace cikin damina, gyaran nashi ne, ba a ƙara mashi ko zangarniya. Littattafan nan rubutun hannu ne, cikin gafaka, da su ne Baba yake karantar da mutane.

Na ce, "Baba, shekara nawa muna ba da gero, mi tsohon ga shika yi? Ya hau, ya ƙwanƙwasa azara, ya sha fura, ya sauka. Buhu fuɗu na siminti sun gama zancen har abada."

Baba bai hana ni ba. Ina ganin bai so ya kashe mani gwiwa ne.

Da maginin ya zo, ya tarar har na shafe rufin, sumul. Ya taka, ya duƙa ya shafa.

"Malam, wa ya yi wanga aiki?"

"Ɗanka ne," in ji Baba, ya nuna ni.

"Kai injiniya," ya ce da ni, "ƙasa numfashi takan yi. Ka toshe mata hanci."

Na yi dariya. Na ce wa tsohon, "Baba, zamani ya wuce laka."

"To, Allah shi kyauta."

Ya sha furarsa ya hau jakinsa. Da kaka ta zo ba a aika geron ba, shi ma bai aiko tambaya ba.

Damina ta farko lafiya lau, har maƙwabta na zuwa kallo. Ashe rana ta fasa simintin, tsaga siririya kamar gashi. Ruwa na shiga, ba ya samun hanyar bushewa, azara na ruɓewa daga ciki. Da tsohon yana hawa, da ƙwanƙwasa ɗaya ya ji.

Damina ta biyu, wata Laraba bayan la'asar, ana tsakiyar ruwa rufin ya zauna. Ba kowa ciki, alhamdu lillahi. Amma da munka tone, tawada ta bi ruwa, takardu sun manne da laka.

Baba bai yi mani faɗa ba, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya sayo takarda ya dafa tawada, ya fara rubuta abin da ya haddace. Wata rana na same shi a zaure, alƙalami a hannu, rabin shafi fari. Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Nan wurin kakanka ya yi wani bayani a gefe. Kullum nika cewa sai na zauna na karanta shi da kyau."