Idona Ya Mutu, Na Ɗora wa Yarinya Laifi

A lokacin ni ne mai buga takardu a wata ƙungiyar manoman rani kusa da Wurno. Shekara ashirin da 'yan kai ina kan tafireta, kowa Baba yake ce mini. Da aka kawo kwamfuta na koya, amma idona ya soma dushewa, layuka suna hawa kan juna. Ban gaya wa kowa ba, don na san ranar da aka gane, kujerata ta tafi.

Sai aka ɗauko wata yarinya 'yar Goronyo ta taya ni aiki. Wallahi na tsane ta tun ranar farko. Abin da nake yini a kansa, ita kafin shayi ya huce ta gama. Wata rana ta gan ni na manna fuska a allon kwamfuta, ta rage murya ta ce in na yarda za ta ƙara mini girman rubutun. Na ce mata mi ta sani, ina buga takarda tun uwarta ba ta yi aure ba, kuma kada ta sake matsowa teburina. Ta ba ni haƙuri ta koma wurinta.

A makon ne na buga jadawalin ba da ruwa na tsallake layi guda. Gonakin wani yanki suka yi kwana goma ba ruwa, ga dashen albasa sabo. Wani dattijo ya shigo ya zube mini busasshen dashe a kan tebur, ya ce ga abincin iyalinsa na bana. Da shugaban ƙungiya ya tambaya, na ce yarinyar ce ke taɓa mini kwamfuta. Ta rantse har da kuka, amma wa zai ƙaryata mai furfura? Aka sallame ta.

Wata uku bayan haka na sake tsallake layi, kuma babu wanda zan nuna. Dole na je a duba mini ido, likita a Sakkwato ya ce tabarau kawai nake buƙata.

Tsufa bai cuce ni ba, girman kai ne ya cuce ni. Ku 'yan uwana dattawan ofis, in ido ko hannu ya fara gajiya ku faɗa, ku bar yara su taimake ku. Na aika Goronyo sau biyu neman gafararta. Ta ce a gaishe ni, ba ta ce ta yafe ba.